Littafin da ya raba mana kai a majalisa

Kwafi ɗaya ne kacal ya zagaya hannunmu a unguwa, har bangonsa ya yage: The Long Way to a Small, Angry Planet na Becky Chambers, 'yar Amurka. Da kanta ta fara fitar da shi a 2014, bayan mutane sun tara mata kuɗi a Kickstarter.

Labarin ma'aikatan kumbon Wayfarer ne, masu huda hanyoyi tsakanin taurari. Rosemary ta baro duniyar Mars ta kama aikin akawu a cikinsu, tana ɓoye asalinta.

Samarinmu suka ce, "Haba, ina yaƙin? Kullum sai hira da cin abinci!" Gaskiyarsu, labarin ba ya sauri. Wasunmu ma suka ce marubuciyar ta cika kyautata wa mutane zato.

Amma mu da aka haifa a Sabo, hirar nan ce ta kama mu. Halittu daban-daban, kowa da harshensa da abin da yake ƙyama, ga tukunya ɗaya. Sukan saɓa, amma gobe dole a haɗu wurin aiki. To, ba haka muke da maƙwabtanmu ba?

Har yau ba mu daidaita ba. Wanda littafin ke hannunsa dai, don Allah ya dawo da shi, akwai masu jira.