Baƙin Akwatin Tsohon Makaɗi

A wani lungu na Agege, inda Hausawa suka daɗe da yin zango a bayan birnin Ikko, akwai wani dattijo da ya ba shekara 70 baya. Samarin unguwar ba su san shi da wata sana'a ba sai gyaran lasifika: wadda ta yage ya liƙe ta, wadda ta ƙone ya sake mata naɗin waya. Kaɗan ne suka san cewa mutumin nan ya yi shekara wajen 15 yana yawo da makaɗan zamani, yana riƙe musu jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya wadda ake kira bes. Jitar ta daɗe da barin hannunsa. Abin da ya rage masa na wancan zamani shi ne wani baƙin akwatin lasifika da ke jingine a lungun rumfarsa, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, ko'ina a jikinsa tabo ne. Sau uku ana taya shi, sau uku yana cewa albarka.

Wanda bai san yadda sana'ar kiɗa take a Kudu cikin shekarun 1970 ba, sai ya ɗauka taurin kan tsufa ne kurum. A lokacin kuwa da wuya a sami makaɗi mai kayan kansa. Ganguna da ƙahoni da jitoci da na'urorin ƙara sauti duk na mai otel ne ko na shugaban ƙungiya, shi makaɗi hannunsa kaɗai ya mallaka. In suka ɓata da maigida sai ya ajiye jita ya fita kamar yadda ya shigo, saboda haka albashi kome ƙanƙantarsa akan karɓa a yi godiya. Amma wanda ya mallaki jitarsa da akwatinsa ya zama ɗa, yana iya kwana a wannan ƙungiya ya tashi a waccan, in zai yi ciniki kuma ba ya sunkuyar da kai. Wannan 'yanci shi ne saurayin ya sa a gaba tun ran da ya fara karɓar albashi a 1974, shekara guda bayan an bar fam da sule an koma naira da kwabo.

Shekara huɗu ya yi yana tari. Jita da amfilifaya ya same su na hannu, akwati kuwa ya ce sai sabo. Ya je kanti ya zaɓi wanda ya fi ɗaukar ido, an lulluɓe shi da baƙar leda mai sheƙi, an yi masa ado da farin ƙarfe. Bai tambayi abin da ke ƙarƙashin ledar ba, mai kanti kuma bai ga dalilin faɗa ba.

To, a nan ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa akwatin bes ya fi na kowa shan wuya. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar tana karkarwa sau 41 ne kacal a daƙiƙa guda, watau rabin na tsirkiya mafi kauri a jita ta yau da kullum. Kafin lasifika ta fid da murya mai zurfi haka da ƙarfi daidai da na 'yar'uwarta, sai faifanta na takarda ya tura iska ninki huɗu. Ga wata matsala kuma: duk lokacin da faifan ya tura iska gaba, bayansa yana janyo ta, in ba abin da ya raba tsakani sai iskar ta zagaya, gaba da baya su cinye juna, a ji kamar ana kaɗa gwangwani. Akwati shi ne katangar da ke raba su. Ashe ke nan ba mazubi ba ne kawai, rabin kayan kiɗan ne. In bangonsa yana rawa, ƙarfin da ya kamata ya isa kunnen masu rawa ya tafi wajen girgiza katako. In yana yoyon iska ta wata kafa, sai ya riƙa huci kamar mai asma.

Cikin daminar 1978 ƙungiyarsu ta tashi zuwa Bini wasa. Aka loda kaya a bayan lori, aka rufe da tamfol wanda ya riga ya ga duniya. Ruwa ya tsuge tun daga Ijebu-Ode, bai ɗauke ba har suka wuce Ore. Da aka sauke kaya ya goge akwatinsa da tsumma, ya ga leda tana sheƙi, hankalinsa ya kwanta. Waƙa ta fari lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku sai ya fara jin wani zuuu kamar zanzaro ya shiga tulu, kafin a kai tsakiyar dare kuwa sukurorin da ke riƙe da lasifikar suka zare gaba ɗaya, ta faɗo gaba tana reto a jikin wayarta, takardar ta yage. Da gari ya waye ya ɓare ledar ya duba. Ashe ba katako ba ne, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar garin kwaki, ana taɓa shi yana marmashewa.

Shugaban ƙungiya bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo ya yi. Ya ce ai ga akwatin ƙungiya nan yana jira, sai dai wanda ke kiɗa da kayan maigida albashinsa dabam ne. A lokacin matar saurayin tana da tsohon ciki. Ya karɓa, ya yi godiya.

Wata shida bayan haka ya sayi lasifika biyu na hannu masu faɗin inci 15, ya ɗauke su a ka har Ebute Meta, kusa da inda ake tsaga gumagumai a bakin ruwa, wurin wani tsohon kafinta Bayarabe da ya saba yi wa fatake akwatuna. Ya gaishe shi da Baba, ya zayyana masa abin da ya faru. Tsohon bai san kome game da kiɗa ba, amma ya san abin da hanya take yi wa kaya. Ya ce ba zai taɓa aikin ba sai da filawud na Sapele mai kaurin milimita 18, irin wanda masana'antar katako ta garin ta yi suna da shi. Filawud falle-falle ne na itace ake liƙawa, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, don haka ba ya tsagewa ta fuska guda, sukuru kuma in ya kama shi ya kama ke nan. Ya fafe gaɓoɓin suka shiga juna, ya bi su da gam da sukurori, ya kafa sanduna a ciki daga gaba zuwa baya da kuma daga gefe zuwa gefe, ya sa wa kusurwoyi takwas ɗin hular ƙarfe, ya rufe fuskar da ragar waya don ƙafar yaran mota. Cikin kuma suka shimfiɗe shi da audugar rimi da suka farke daga wata tsohuwar katifa. Da aka gama, makaɗin ya ƙwanƙwasa gefen da ɗan yatsa, ya ji kamar ya bugi kututture.

Sai dai ƙarfi dabam, murya dabam. Sun huda rami a fuskar akwatin don sun ga ana yi, amma da ka suka yanke girmansa. Da aka gwada, muryoyin tsakiya suka fito da ƙarfi har suna cika kunne, amma da ya taɓa tsirkiya mai kauri sai faifan ya riƙa fiffika kamar kazar da aka yanka, sautin kuwa babu. Dalili shi ne ramin nan da iskar da ke cikin akwati suna da muryarsu ta kansu, kamar yadda bakin kwalba yake kuka in an hura shi. A daidai wannan murya ramin yana taimakon lasifika, a ƙasa da ita kuwa sai ya sake ta ba mai tallafa mata. Wani injiniya a Ostireliya, Neville Thiele, ya riga ya fid da lissafin wannan tun 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, amma labarin bai iso rumfar kafinta a Ebute Meta ba. Da lalube suka gano maganin. Suka zura guntun bututu a ramin, suna ƙara tsawonsa kaɗan kaɗan, har ran da faifan ya natsu, ƙasan rumfar ta ɗauki rawa.

Ba su kaɗai suka sha wannan lalube ba, don can inda aka ƙago abin ma haka aka yi ta fama. Leo Fender ya fito da jitar bes a Amurka a 1951, amma akwatunan farko sukan kasa da ita in ɗaki ya cika. A 1960 kamfanin Ampeg ya yi wani ɗan madaidaici mai suna B-15, wanda muryarsa ta yi daɗi ainun a ɗakin ɗaukar faifai, sai dai ba shi da ƙarfin babban fili. A 1969 kamfanin ya fito da SVT mai ƙarfin wat 300, da akwati mai lasifika takwas masu inci 10, a rufe ruf ba rami, an kasa cikinsa ɗaki huɗu. Ƙungiyar Rolling Stones ta zaga Amurka da shi a wannan shekara, makaɗa kuma suka laƙaba masa suna firji saboda tsawo da nauyin da ya haura kilo 60. Wani kamfanin kuma, Acoustic, ya bi wata hanya: lasifika guda mai inci 18 tana fuskantar baya, sauti ya bi ta lanƙwasasshen ƙaho kafin ya fito, har ya zamana na bayan fili ya fi wanda ke tsaye gaban akwatin jin ta. Dattijon yakan ce wannan na biyun shi ne ya dace da bukukuwan Ikko, inda ake tare titi a kafa rumfuna, babu bangon da zai dawo da sauti, ga kalangan Yarabawa suna neman cinye kowace murya. Bai taɓa mallakar ko ɗaya cikinsu ba, a bayan faifan garmaho da mujallu kawai ya san su.

Nasa dai ya yi yawo. Ya je Anaca da Fatakwal da Badun, ya sha hunturun Jos da na Kaduna, inda gam yake bushewa, takarda ta yi ƙarau, ƙura kuma ta shiga siririyar kafar da naɗin waya yake kai da komowa ta riƙa kankarar sa. A Ikko abokin gaba laima ce da kyankyasai da ɓeraye. Ya lura cewa lasifikar da aka yi wa baki da soso tana da taushin murya amma 'yan shekaru kaɗan sai soson ya ruɓe, mai bakin ƙyalle kuwa takan kai ga jikoki. Ya lura kuma cewa dare mafi haɗari shi ne wanda janareto ya gaji: ƙarfin wuta ya ragu, amfilifaya ta dishe, makaɗi ya ƙara murɗa ta, naɗin waya ya yi ta shan zafi ba hutu har a ji ƙauri. Sau biyu akwatin yana faɗowa daga kan mota. Lasifikun ciki an canza su ba adadi, katakon kuwa shi ne na tsohon kafinta har yau.

Da darajar naira ta faɗi a 1986, sabuwar lasifika ta fi ƙarfin talaka, manyan ƙungiyoyi kuma suka fara rage mutane. Tilas ta sa ya koyi naɗa waya da yanka takarda a kan kayansa, abokan sana'a suka fara kawo nasu, a hankali gyara ya ture kiɗa.

Akwatin bai bar shi haka nan ba. Ba ya iya sunkuyawa sai ya dafa gwiwa, kunnensa na dama kuma, wanda ya yi shekaru yana fuskantar lasifika, ya daɗe da yin nauyi. Don haka ba ya cikin tsofaffin da ke zagin kayan yau. Wani yaro mai kaɗa bes a wuraren biki ya taɓa kawo masa wani sabon akwati a hannu guda kamar mai ɗauke da jakar makaranta. Mayen ƙarfensa irin na niyodimiyam ne, wanda aka gano a farkon shekarun 1980, ɗan ƙarami amma ƙarfinsa ya kai na tsohon mai nauyin dutsen niƙa. Dattijon ya sa aka kunna, ya juya kunnen hagu ya saurara, ya ce muryar ta fita tas, ta ma fi tasa tsabta. Abin da kawai bai ji ba shi ne dukan nan da akan ji a ƙirji, amma ya ƙara da cewa watakila laifin ƙirjin ne. Sa'an nan ya kwance marfin baya ya leƙa, ya ga katakon siriri ne amma an ɗaure shi da sanduna ta ko'ina, ya gyaɗa kai. Da mai garin katako ne, da tun daga bakin rumfa zai mai da shi.

Yaron nan shi ne na ukun da ya taya baƙin akwatin. Ya ce, Baba, nawa yana isa cikin zaure, amma in aka fita fili sai ya ɓace. Dattijon ya ce ba na sayarwa ba ne, amma in aro ne ya zo ran Asabar ya ɗauka, bisa sharaɗi: a tsaye za a loda shi, mutum biyu za su kama, kuma ko sama ta yi fes sai an rufe shi da tamfol.

Ran Lahadi da hantsi aka dawo da shi a bayan a-kori-kura. Bai tambayi yadda biki ya tashi ba. Ya zagaya akwatin yana ƙwanƙwasa shi gefe gefe, kunnen hagu a manne da katako, har ya iso kusurwar ƙasa inda hular ƙarfe guda ta ɗan saki. Ya dafa gwiwa ya durƙusa, ya ce wa yaron ya miƙo masa sukundireba.