Kayan Tagullan Kakanninmu: Mu Adana Ko Mu Sayar?

A ƙasar Amurka akwai mutanen da ke kashe dukiya mai yawa wajen tara mutum-mutumin tagulla na makiyayan shanu masu hawan doki, waɗanda muke gani a fim muna ce musu kaboyi. Wanda ya fi suna wajen ƙera su shi ne Frederic Remington, wanda ya rasu a 1909. A shekarar 1895 ya yi aikinsa na farko, wato mahayi a kan dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya yana neman kayar da shi. An daɗe ana ajiye guda ɗaya daga cikinsu a ofishin shugaban ƙasarsu. Bayan rasuwar matarsa a 1918, sai aka farfasa mazubin da ake zuba su, bisa wasiyyarta. Saboda haka na asali suka yi tsada, jabu kuma suka cika kasuwa. Mai saye yakan duba hatimin maƙera da lambar da ke jiki kafin ya biya.

Mu ɗalibai da muka karanta wannan, sai muka tambayi kanmu: shin mu ba mu da mahaya da makiyaya ne? Muna da su. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau a zamanin jihadi, garin kuma ya daɗe yana zaman bakin daga, inda barade ke kwana cikin shiri. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe tsohon garin malamai ce. A ƙasar Bunguɗu ga dutsen Kwatarkwashi, inda mutane suka zauna tun zamanin da, aka kuma tono kawunan mutum-mutumi na yumɓu. Su Amurkawa siffar mahayi suke tarawa. Mu kuwa ainihin kayan da mahayin ya yi amfani da su ne ke ɗakunan iyayenmu: likkafa, linzami, ƙararrawar doki, buta, da munduwar da kakanninmu mata suka sa a hannu da ƙafa.

Yadda maƙeran fari ke zuba irin waɗannan kaya abin mamaki ne. Da farko sai a siffata abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita. Daga nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun. Tun da mazubin ya fashe, kowane ɗaya ba shi da ɗan'uwa. Da wannan dabara aka yi tagullar Igbo-Ukwu da ta Benin, da ita kuma aka riƙa zuba ayyukan Remington daga 1900.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce 'yan jari-bola. Suna yawo unguwa-unguwa da sikeli, suna sayen tagulla da kilo. Da yawa daga cikinmu mun ga an ɗauki munduwar kaka an ba da ita a kan kuɗin da ba za su kai cefanen mako ba. Washegari ta shiga wuta. Ba ma zargin iyayenmu, domin mun san halin rayuwa, mun kuma san da irin waɗannan kuɗi ake biya wa wasunmu makaranta. Amma kuɗi na ƙarewa, abin da aka narkar kuwa ba ya dawowa. Turawan Ingila sun kwashe tagullar Benin a 1897. Sai a 2022 Jamus ta fara mayar da nata kason, Holan kuma ta mayar da guda 119 a 2025. Abin da aka sace ana iya karɓowa ko bayan shekara ɗari. Wanda muka narkar da hannunmu, wa za mu tambaya?

Ya kamata kuma mu sani cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba tare da izini ba.

Ga abin da muke roƙo. 'Yan'uwa ɗalibai, in mun je hutu mu zauna da tsofaffi, mu tambaye su wa ya ƙera, wa ya hau, wa ya gada, mu rubuta a littafi mu ajiye tare da kayan. Kada mu goge su da toka ko yashi don su yi ƙyalli, domin wannan duhun da ke jikinsu shi ne shaidar tsufansu. Malamanmu, ku taimaka a kai mu Gidan Makama a Kano mu ga yadda ake adanawa. Iyayenmu kuma, in tilas ta sa za a rabu da wani abu, a fara tuntuɓar dangi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ne magada, kada mu tarar da akwati wayam.