Asusun Tallafin Karatu a Coci: Lissafi Kafin Alkawari

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Kiristoci tsiraru ne, majami'unsu kuma ƙanana. Akasarin masu zuwa sujada malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da jami'an kwastan da na shige da fice da aka turo bakin iyaka, da masu shagunan magani da kayan gyaran mota. A irin wannan ikilisiya kowa ya san ɗan kowa. Idan yarinya ta gama sakandare da sakamako mai kyau, sa'an nan aka ga shekara ta zagayo tana zaune a shagon mahaifiyarta, ba a buƙatar wani bincike kafin a san dalili. Daga nan ne maganar kafa asusun tallafin karatu takan taso a taron dattawa, kuma yawanci akan yanke shawara a zama ɗaya: a ware wata Lahadi, a yi baiko na musamman, a raba wa ɗalibai.

Niyyar ba ta da aibu, amma baiko abu ne na rana ɗaya, karatun digiri kuwa shekara huɗu ne, na takardar malanta ta NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel shekara uku. Ikilisiyar da ta ɗauki ɗalibai uku a bana, ta ƙara uku a baɗi, za ta wayi gari a shekara ta huɗu tana ɗauke da goma sha biyu. Kuɗin da ya wadatar a farko ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake nema, tun ma ba a lissafa tsadar rayuwa da ƙarin kuɗin makaranta ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Ɗalibin da aka yanke wa tallafi a aji biyu na jami'a ya fi wanda ba a taɓa ɗauka ba shiga wahala, domin ya riga ya bar sana'ar da zai koya, iyayensa kuma sun riga sun sayar da abin da za su sayar.

A wannan yanki akwai ƙarin dalilin yin taka-tsantsan. Aljihun masu bayarwa yana ɗaure da iyaka. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda ake hada-hadar shanu da raƙuma da tumaki daga jihar Damagaram ta Nijar, da riɗi da zoɓo daga gonakin cikin gida, ita ce ke motsa kuɗin yankin. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar ciniki ya tsaya saboda hukuncin da aka yanke a Abuja. Asusun da aka gina bisa zaton cewa baikon baɗi zai kai na bana, an gina shi a kan yashi. Ƙa'idar da ta fi tsaro ita ce kada a ɗauki ɗalibi sai kuɗin karatunsa gaba ɗaya, ko aƙalla na shekara biyu, yana ajiye a banki.

Maƙwabta Musulmi sun daɗe da sanin wannan bambanci. Zakka ana tattara ta a raba a shekararta, kamar yadda kwamitocin zakka na masarautun Jigawa suke yi da hatsi bayan kaka. Waƙafi kuwa ana tsare asalinsa, a ci amfaninsa kawai. Coci mai son asusun da zai daɗe tana buƙatar ta yanke tun farko wanne daga cikin tsarin biyu take bi, ta kuma faɗa wa masu bayarwa a fili. Wanda ya ba da kuɗi yana zaton za a ajiye su su yi ta haihuwa, sai ya ji an rabar a wata ɗaya, ba zai sake bayarwa ba.

Tambaya ta biyu ita ce sunan wa kuɗin za su ɗauka. A ƙananan majami'u abin da aka saba shi ne ma'aji ya riƙe su a asusunsa na banki, saboda an yarda da shi. A idon doka, kuɗin da ke asusun mutum nasa ne. Idan ya rasu za su shiga cikin gado, idan ana binsa bashi za a iya riƙe su, idan an yi masa canjin wurin aiki zuwa Seme ko Illela za su bi shi. Akwai hanyoyi biyu na halal. Manyan ɗariku irin su ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1954, suna da amintattu masu rajista a matakin ƙasa, don haka ikilisiyar gari tana iya neman izinin shugabanninta ta buɗe asusu na daban da sunan cocin, wanda ba ya cakuɗa da kuɗin gini ko albashin fasto. Wannan ya fi sauƙi da araha, kuma ya ishi asusun da ke ɗaukar ɗalibai kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce rajistar gidauniya mai zaman kanta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Dokar ta nemi amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin mulki mai bayyana manufa, da sanarwa a jaridu domin duk mai ƙorafi ya gabatar cikin kwana 28. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, haka wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka gabata. Abu mafi muhimmanci shi ne dukiyar gidauniya ba a raba ta ga mambobi a matsayin riba, kuma idan aka rushe ta, abin da ya rage yana komawa ga wata ƙungiya mai irin manufarta. Sashe na 839, wanda ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu, ya jawo ce-ce-ku-ce a 2020, har ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi fatali da shi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan sashe, rajista tana zuwa da nauyin miƙa rahoto kowace shekara, da kuɗin lauya da na akanta. Ikilisiyar da ba za ta iya ɗaukar wannan ba gara ta tsaya a hanya ta farko.

Zama a bakin iyaka yana ƙara wani nauyi. Bankuna kan nemi takardar shaidar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC, kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani ko ƙungiya fiye da miliyan 10, sai ta hannun banki. A garin da ake cinikin garken shanu da tsaba, ake kuma canjin sefa a gefen hanya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Attajirin da ya kawo gudummawa a jaka a roƙe shi ya tura ta banki, kowace kyauta kuma a rubuta ta da sunan mai ita da kwanan wata, ko da ba za a karanta sunan a bagade ba. Game da haraji, kuɗin da aka bayar don aikin addini ko ilimi ba a yanka musu, muddin ba daga kasuwanci suka fito ba. Idan kwamiti ya ga dabara ce ya sayi raguna a Maigatari ya yi kiwo ya sayar gab da Babbar Salla, ribar ta zama ta ciniki, kuma hukuma tana da haƙƙi a kanta.

Duk da haka, ba hukuma ce takan rusa irin waɗannan asusai ba. Zaɓen ɗalibai ne. A ikilisiya mai iyalai talatin, da wuya a sami ɗan kwamiti wanda ba shi da ɗa ko ƙane ko ɗan maƙwabci cikin masu nema. Maganin shi ne a rubuta ƙa'idoji kafin a ga sunaye: wane sakamako ake nema a WAEC ko NECO, yaya za a auna buƙatar gida, wa ya cancanci nema. Duk wanda ɗan'uwansa ya nema ya fita daga ɗakin, a kuma rubuta a littafin taro cewa ya fita. Ɗan fasto yana da haƙƙin nema kamar kowa, amma mahaifinsa ba ya zama a kwamitin zaɓe, ba ya kuma sa hannu a takardar fitar da kuɗi. Masu sa hannu su zama biyu daga gidaje daban-daban, kuɗin makaranta kuma a biya su kai tsaye ta Remita, rasit ya dawo fayil. Takardun ɗalibai, musamman bayanin halin da gidajensu suke ciki, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe su, kuma wanda bai kai shekara 18 ba sai da amincewar iyaye. Ko ba doka, marayan da aka tsayar gaban jama'a ana bayyana talaucinsa ya biya tallafin da mutuncinsa.

Akwai kuma tambayar da ba a son ɗagawa: ko asusun zai ɗauki ɗan Musulmi. Kowace amsa tana da hujja. Coci tana da damar taƙaita tallafinta ga 'ya'yanta, kuma ba wanda zai ga laifinta. Idan ta zaɓi buɗe ƙofa ga kowa, to ta yi shi da rana tsaka: da sanin iyaye a rubuce, da sanin mai unguwa ko dagaci, ba tare da sharaɗin halartar sujada ko wani taro ba. A ƙasar da zargin sauya wa yara addini ya sha haddasa fitina, tallafin da aka bayar a ɓoye, komai kyawun niyyarsa, yana iya jawo wa ikilisiya da yaron abin da ba su nema ba.

Saura batun inda ya kamata kuɗin su tafi. Tun 2024 asusun NELFUND na gwamnatin tarayya yake ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, gwamnatin Jigawa kuma tana da hukumar tallafin karatu ta 'yan jiha. Dukansu biyu suna kama hannun wanda ya riga ya sami gurbi. Ramin da yara suke faɗawa yana tsakanin jarrabawar ƙarshe ta sakandare da ranar rajista: kuɗin fom ɗin JAMB, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, kuɗin tantancewa da na karɓar gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, katifa da buhun abinci na zangon farko. 'Ya'yan ma'aikatan da aka turo daga wasu jihohi ma ba su cikin tsarin tallafin jiha, ko da a Gumel aka yanke musu cibiya. Ƙaramar ikilisiya da ba za ta iya ɗaukar ɗalibi shekara huɗu ba tana iya tsallakar da yara goma wannan ramin, ta taimaka musu su cike takardun neman rance da na tallafi, alkawarinta kuma ya cika cikin shekara ɗaya. Ga coci mai iyalai talatin a bakin iyakar da ake iya rufewa gobe, wannan shi ne kayan da wuyanta zai iya ɗauka har ta sauke.