Damagaram: biri ya yi kama da mutum

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi gabas, sai ya cinye kilomita kusan 900 kafin duwatsun Damagaram su bayyana gabansa, jibga-jibga, wani bisa wani, kamar da hannu aka jera su. In ya yi sa'a ya sauka ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, zai iske gari yana tafasa: amalanke, raƙuma, ƴan kabu-kabu, buhunan hatsi da wake, dukawa da jakunkunan fata. A irin wannan taro ne, tun kaka da kakanni, gardawa ke fitowa da biri ɗaure da sarƙa, an sa masa ƴar riga, ana kaɗa ganga yana tsalle, yara na shewa. Ƴan kallo kan ce biri ya yi kama da mutum, su jefa ƴan kuɗi su wuce. To, masanan da suka share shekaru suna bin birai cikin daji sun gano cewa kamar ta wuce fuska da yatsu, ta kai har cikin jini. Damagaram kuwa, garin sarauta da daraja, wuri ne da ya dace a tsaya a saurari abin da suka gano.

Daga kasuwa hanya ta kai baƙo Birni, tsohuwar unguwar sarauta mai ƙananan lunguna da gidajen ƙasa masu zane a goshi. Nan fadar Sarkin Damagaram ta ke. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka ganuwar garin, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, a zamanin da ayarin fatake ke tashi daga Zango da fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus. Har yau, ranar salla a ƙofar fada kowa ya san wurinsa: masu sarauta kusa da sarki, dogarai tsaye, maroƙa da algaita da kakaki, talaka can nesa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Mai kallo sai ya tambayi kansa: wannan matsayi kan tabarma ya ke tsayawa, ko kuwa yana bin mutum gida ya shiga jikinsa?

Wannan tambaya ce ta kai wani ɗalibi Ba'amurke, Robert Sapolsky, ƙasar Kenya a 1978, wanda daga baya ya zama babban malami a jami'ar Stanford. Fiye da shekara 20 yana komawa daji ɗaya, wurin garken manyan biran nan da ake kira gwaggon biri. Garkensu ma fada ne. Kowane namiji ya san na gabansa da na bayansa, wanda babba ya mara kuma sai ya juya ya huce kan ƙarami. Sapolsky kan laɓaɓa ya hura wa ɗaya ƴar kibiya mai maganin barci ta cikin bututu, ya ɗebi jininsa, ya auna wani sinadari mai suna kortizol.

Kortizol na cikin sinadaran da masana ke kira hormon, wato manzannin da wani sashen jiki ke aikawa ta jini zuwa wani. Daga ƴan tsokoki biyu da ke zaune bisa ƙoda ya ke fitowa duk sa'ad da rai ya ga haɗari. Aikinsa irin na sarkin yaƙi ne ranar da maƙiyi ya taso: ya fasa rumbun jiki ya tura sukari ga ƙafafu, ya dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba, girma, haihuwa, gyaran rauni. Ga biri da zaki ya koro, wannan shi ne tsira, kuma ƴan mintoci ne abin ya wuce. Amma in kullum ana buga tambarin yaƙi, gona ba ta nomuwa. Kortizol da ya daɗe sama yana taɓa jijiyoyin jini, yana rage fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, sai garkuwa ta yi sanyi, cuta ta samu ƙofa.

Abin da Sapolsky ya iske ke nan cikin jinin mazan da ke ƙasan garke: kortizol sama ko da suna zaune inuwa, ƙwayoyin tsaro kuma sun ragu. Ba yunwa ke cin su ba, domin dajin na da abinci. Abin da ke cin su shi ne rashin sanin lokacin da mari zai sauka, da rashin ikon hana shi, da rashin wanda za su jingina gare shi bayan ya sauka.

Daga baya masana suka koyi karanta waɗannan sinadarai cikin kashin biri, ba sai an harbe shi ba. Da wannan dabara aka yi aiki kusa da ƙasar Hausa, a dajin Gashaka Gumti na jahar Taraba, cikin Najeriya. A 2007 James Higham da abokan aikinsa suka bayyana cewa a watannin da matan birai ke cin ƴaƴa da tohon ɗinya, ɗinyar nan da yara ke saye a tire, wani sinadarin haihuwa na hawa jikinsu har ba su ɗaukar ciki. Da ita kuma aka auna mazan garkunan Amboseli, a Kenya, inda ake bin birai tun 1971. Sakamakon da ya fito a 2011, kan maza 125 cikin shekara 9, ya zo da abin mamaki: shugaban garke kansa, sinadarin damuwarsa sama ya ke kamar na talakawansa. Na biyu a daraja, mai cin daɗi ba tare da tsaron kujera ba, ya fi shi kwanciyar jini.

Wanda ya san tarihin gidan da ke Birni ba zai yi mamaki ba. Tanimun da ɗan'uwansa Ibrahim sun yi ta karɓe gado daga hannun juna kafin ya zauna daram. Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kaftin Cazemajou a 1898, ya sha kashi hannun sojan Faransa a Tirmini a 1899, ba a daɗe ba aka kashe shi. Amadu Ɗan Bassa, Turawa suka tuɓe shi a 1906 suka kai shi Kwaddibuwa. Rawani na ba da inuwa, amma nauyinsa kan wuya ya ke.

Sai dai damuwar da ta fi yawa a Damagaram ba a Birni ake ganin ta ba. A bakin pampo ta ke. Garin bisa dutse ya ke zaune, ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa a 1926 aka ɗauke masa babban birni, wanda ya riƙe tun 1911, aka mai da Yamai. Duk wanda ya yi bazara a garin ya san layin bido rawaya, da ƴan ga-ruwa, da matar da ke kwana kunne a buɗe tana jiran ƙarar ruwa cikin bututu. Ba ta san ko zai zo ƙarfe 2 na dare ba, ko ba zai zo ba sam, kuma ba ta da ikon komi a kai. Haka saurayin Kara-Kara, unguwar da Aïcha Macky ta nuna wa duniya cikin fim ɗinta na 2021, wanda ke tashi da safe bai san inda aikin yini zai fito ba. Rashin sani da rashin iko, su ne dai abubuwan da ke tayar da kortizol a dajin Kenya.

Wani zai ce ai jini ne, mai rauni da rauninsa aka haife shi, shi ya sa ya tsaya ƙasa. An gwada wannan magana. A Amurka, Jenny Tung da abokan aikinta suka ɗauki matan wani irin biri na Asiya guda 45, suka rarraba su biyar-biyar. Wadda aka fara sakawa ɗaki ita ke zama babba, ta ƙarshe ita ce ƴar aike. Ƙwayoyin tsaron ta ƙasa suka karkata ga yawan kumburi, irin wanda in ya daɗe ya ke lalata jiki. Bayan shekara guda aka sake rabo, ta ƙasa ta hau, ta sama ta sauka, sai garkuwar kowace ta bi sabon matsayinta. A 2016 aka buga wannan. Ashe zama ne ke rubuta kansa cikin jini, kuma in zama ya sake, rubutun na gogewa.

Labarin da ya fi duka ba da tunani daga garken Sapolsky ya fito. Cikin shekarun 1980, mazan da suka fi mugunta suka saba zuwa jujin wani masaukin ƴan yawon buɗe ido, suka ci nama mai tarin fuka, kusan rabin mazan garken suka mutu. Waɗanda suka saura masu sanyin hali ne. Faɗa ya ragu, tsefe wa juna gashi ya ƙaru. Zuwa 1993 babu ko ɗaya cikin tsofaffin mazan, duka baƙi ne da suka shigo daga wasu garkuna, amma sun iske zaman lafiya sun ɗauka, kuma jinin na ƙasa ya daina nuna alamun azaba. Daraja na nan, babba na nan, ƙarami na nan. Abin da ya gushe shi ne huce haushi kan maras ƙarfi. A Amboseli ma an gano a 2003 cewa matan da suka fi zama da ƴan'uwa, jariransu sun fi rayuwa.

Mutum ya fi biri sa'a a nan, domin tsaninsa ba ɗaya ba ne. Ɗan aike a biro na iya zama limamin unguwa, ɗan ga-ruwa na iya zama sarkin kokowa. Kuma Damagaram na da fada ta biyu. Bayan magariba, a bakin lunguna, samari kan shimfiɗa tabarma su ɗora shayi bisa gawayi, zaman da ya yaɗu cikin garuruwan Nijar tun shekarun 1990, da suka sa wa suna fada. Cikin gidaje mata na kitso, ana biki, ana zubin adashi. Manya kan kira wannan zaman banza, amma ga wanda ya yini yana shan wulaƙanci, wurin da za a kira sunansa a miƙa masa kofi magani ne. Shayi dai ba ya kawo ruwa a pampo, ba ya ba da aiki. Waɗannan na wuyan masu iko, kuma ko faɗa wa unguwa ranar da ruwa zai zo, a cika alkawari, rage cuta ne.

Kasuwa ta watse, gardi ya naɗe gangarsa. Birinsa na zaune gindin bango, sarƙa a ƙugu, yana tsefe gashin hannunsa da kansa, aikin da a daji ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa. Ya ci ya ƙoshi, amma bai san lokacin da sanda za ta tashi ba, kuma ba shi da kowa. Allah ya raba bawansa da irin wannan zama, ya kuma sa wanda ke sama ya tuna cewa tsawarsa ba a kunne ta ke tsayawa ba.