Doki 15 ko Doki 40? Yadda Muka Zaɓa wa Kawu Injin Jirgi a Dam ɗin Challawa

A ƙarshen damina ta 2024 Kawu ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili. Bayan gaisuwa ya ce kafaɗarsa ta dama ta ƙi, filafili ya fara gagararsa, kuma ya yanke shawarar sayar da bijimin da ya turke domin ya saya wa jirginsa inji. Ya ce, "Kai ne ɗan boko, kai ka san masu shago a birni. Ka zo ka raka ni." Na amsa da sauri, domin a raina aiki ne na wuni guda: a je, a taya, a ɗauko. Sai da muka shafe mako uku.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma ba gadon su ya yi ba. Manomi ne a ƙasar Rogo har zuwa lokacin da aka kammala dam ɗin Challawa a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye a 1992, ruwa ya kwanta a kan fadamun da shi da maƙwabtansa suke nomawa. Dam ne babba, bangonsa ya kai tsayin mita 42, kuma yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Wasu sun tashi sun nemi gona a wani wuri, wasu kuma suka koyi su daga baƙin masunta da ruwan ya jawo. Kawu yana cikin na biyun. Shekara talatin ke nan yana zuba kalli da yamma, ya kwashe da asuba, ya kai karfasa da tarwaɗa da kurungu bakin gaɓa inda 'yan sari suke jira. Da kifin nan aka biya wani ɓangare na kuɗin karatuna na aikin jarida, saboda haka da na ce zan cika masa abin da kuɗin bijimin ya gaza, ba kyauta na yi ba.

Saɓaninmu na farko a kan ƙarfi ne. Ana auna ƙarfin injin jirgi da abin da ake kira ƙarfin doki, kuma lambar da ake rubutawa a murfinsa, 8 ko 15 ko 25 ko 40, ita ce wannan ma'auni. Ni na tsaya a kan 40. Hujjata ita ce tunda za a kashe kuɗi, a sayi wanda ba za a sake nema ba. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in biyo shi bakin ruwa. Ya nuna min jirgin: dogo, siriri, na katako, gindinsa allo ɗaya ne. Ya ce, "Ɗana, hau can baya ka zauna." Na zauna, sai goshin jirgin ya ɗaga, ruwa ya matso kusa da leɓen gindinsa. Ya ce, "To, kai ke nan. Yanzu ƙara ni a kai."

Daga baya na bincika na ga lissafinsa daidai ne. Injin doki 40 irin na masunta yana kai wa kilo 70, nauyin babban mutum, alhali na doki 15 bai wuce kilo 40 ba. Bayan nauyin akwai wani abu kuma. Jirgin katako irin wannan ba ya hawa saman ruwa ya zame kamar jiragen gudu na roba. Keta ruwan yake yi, kuma tsawonsa ne yake ƙayyade masa iyakar saurin da zai yi cikin sauƙi. Idan ya kai wannan iyaka, duk ƙarfin da aka ƙara masa kusan a banza yake tafiya: gindi ya nutse, goshi ya tashi, igiyar ruwa ta girma a baya, fetur ya ƙone.

Fetur ɗin shi ne ya rufe min baki gaba ɗaya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, kuma lokacin da muke wannan shawara tana kusa da naira 1,000. Injin doki 15 idan aka murɗe shi iyaka yana shan kimanin lita 7 a awa guda. Na doki 40 kuwa kimanin lita 20. Muka zauna a kan tabarma muna lissafi da tsinke a ƙasa. Zuwa inda Kawu yake zuba kalli da dawowa, sau biyu a wuni, tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci. Da ƙaramin inji, in bai murɗe shi iyaka ba, lita 4 zuwa 5 za ta ishe shi. Da babban, sai ya ninka wannan sau biyu ko uku kafin ya taɓa kuɗin cefane. A ranar da kalli ya fito da abin da bai cika kwando ba, kuma irin waɗannan ranaku suna da yawa a lokacin sanyi, mai shagon fetur zai yi wa aiki.

Tambaya ta biyu ita ce irin injin. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, wanda masana suke kira mai bugu biyu, akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa yake zaune daban kamar na mota. Mai bugu huɗu ya fi tsimin fetur, ba shi da hayaƙi da ƙara sosai, kuma bai cika zubar da mai a ruwa ba. Dokokin hayaƙi a Turai da Amurka sun sa shi ne ya mamaye kasuwanninsu. Ni da na karanta wannan sai na karkata gare shi, musamman da na tuna ruwan Challawa yana gangarawa har ya shiga famfunan Kano. Amma ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma cikinsa ya fi rikitarwa. Wani bakanike da muka nemi shawararsa ya tambaye ni abu ɗaya: "Malam, in ya tsaya a Turawa, wa zai buɗe shi?" Mai bugu biyu kuwa, duk yaron da ya taɓa gyara ƙaramin janareta zai iya wanke masa kafireta ya sauya fulogi. Wannan ne ya sa injinan Yamaha samfurin Enduro suka cika kogunan Afirka ta Yamma: an ƙera su domin wahala, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Sharaɗinsu ɗaya ne, a kiyaye gaurayen. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato jarka mai lita 20 tana buƙatar mililita 400. Wanda ya rage domin tsimi zai ƙona injin, wanda ya zarce kuma zai yi ta fama da fulogi.

Sai maganar ƙafa, wato sandar da take sauka cikin ruwa ɗauke da farfela. Akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20, kuma tsayin allon gindin jirgi ne yake zaɓa. In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska kuma injin ya rasa ruwan da yake sanyaya kansa da shi. In ta yi tsawo, za ta riƙa karo da abin da ke ƙasa. A Challawa abin da ke ƙasa ba ƙarami ba ne, domin itatuwan da ruwa ya cinye sun bar kututture, kuma da rani idan ruwa ya ja baya suna matsowa sama. Kawu ya san wurarensu kamar yadda ya san iyakokin tsohuwar gonarsa, amma duk da haka ya zaɓi gajera, ya ce kafinta ya rage allon ya kuma ƙarfafa shi da katako na biyu.

Farashin sabo da aka faɗa mana ya fi ƙarfin bijimi da albashina a haɗe, domin faɗuwar naira ta taɓa duk abin da ake shigowa da shi. Akwai na Sin masu kama da Yamaha a ƙira, da sauƙin kuɗi, amma Kawu ya ce shi bai san wanda ya yi shekara biyar da irinsu ba, kuma ba zai zama na farko ba. Muka koma neman na hannu. A nan na kusa jawo mana asara. Wani dillali ya nuna min inji mai sheƙi, fenti sabo, lamba a fili, ya ja igiya sau ɗaya ya tashi. Na fara ciniki. Bakaniken ya ce a kawo durom a cika da ruwa a tsoma ƙafar. Aka tayar, muka jira ɗan siririn ruwan da lafiyayyen inji yake fitsararwa ta gefe, alamar famfon sanyayawarsa yana aiki. Bai fito ba. Ya kwance dunƙulen da ke ƙasan ƙafar, man giya ya zubo fari kamar kindirmo, wato ruwa ya daɗe yana shiga ciki. Dillalin ya ce ƙaramin gyara ne. Muka yi masa sallama. Wanda muka saya a ƙarshe mummuna ne, fentinsa duk ya kware, amma ya yi fitsarinsa, man giyarsa garau, kuma igiyarsa tana da tauri a hannu, shaidar cikinsa bai cinye ba.

Magana mafi nauyi a daren da muka kawo shi gida aka yi ta. Babban ɗan Kawu ya ce tunda an samu inji, ranar kasuwa zai riƙa ƙetarar da mutane da kayansu, kuɗin fetur ya fito daga nan. Lissafinsa ba shi da aibu. Amma ni ina ɗakin labarai a daren 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, ya halaka mutum fiye da 20, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifin. Inji yana sa mutum ya ji jirginsa ya ƙara girma, alhali faɗinsa da zurfinsa suna nan yadda kafinta ya bar su. Kafin in gama magana Kawu ya ce, "Jirgin kifi ne. Mutum biyu da kalli." Na sayo rigunan ruwa guda biyu da ragowar kuɗin. Yaron yana sa tasa. Kawu kuwa yakan zauna a kan tasa, ya ce tana da laushi, kuma har yau ba mu gama wannan rigimar ba.

Na koma wajensu bayan sallar layya. Kafaɗar ta yi sauƙi. Kifin bai ƙaru yadda na zata ba, domin inji yana kai mutum nesa ne kawai, kuma Kawu da kansa ya ce in kowa ya samu inji aka ci gaba da zuba raga mai ƙananan idanu, nesan ma za ta ƙare. Abin da ya ƙaru shi ne lokaci: yana isa gaɓa kafin rana ta taɓa kifin, 'yan sari ba su samun hujjar karya farashi, kuma idan hadari ya taso daga gabas yana da abin gudu. Da asubar da na bi shi, ruwa a kwance yake, babu iska. Ya tayar da injin muka yi tafiyar minti ashirin, sai ya kashe, ya ɗaga ƙafar sama, ya miƙo min filafili. Ya ce daga nan zuwa kalli akwai kututture, kuma fetur ba na wasa ba ne, tunda ga ɗan boko a zaune babu abin da yake yi.