Hula Mai Cin Batir a Kolorado

A jihar Kolorado ta Amurka, idan Disamba ya kama, rana kan faɗi tun biyar ba ta yi ba. Ana idar da la'asar sai duhu, ga jaura tana gangarowa daga duwatsun Roki. Ina jin shi ya sa mutanen wurin suka ƙwallafa rai a kan fitila. Tana jikin gidaje, tana kan itatuwa, tana wuyan karnuka. Ba yau Amurkawa suka fara ba, domin tun 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya jera ƙwayayen lantarki 80 a bishiyar Kirsimeti a gidansa na Niyok. Yanzu abin ya hau kai, ya kai ga hula.

Matar mai masaukina, tsohuwar malamar makaranta, ita ta ja ni wani ɗakin karatu na jama'a kusa da garin Bolda, inda ake koya wa yara da iyayensu ɗinka wuta a hular Kirsimeti, jar nan mai farin baki da farin tuntu. Ni ɗan kallo ne, bikin ba nawa ba, amma an ba ni kujera da kofin koko.

Kayan aikin ba su da yawa. Allura mai faɗin kafa, almakashi, filaya, 'yan ƙwayayen LED, makunni, sai batirin CR2032, irin wanda ke cikin makullin mota: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Uban tafiyar shi ne zaren. Toka-toka ne, mai kaushi, an tufka shi da siraran ƙarfen da ba ya tsatsa, don haka wuta na bi ta cikinsa. Babu waya, babu dalma. Kowane ƙwai na da ƙafa biyu, doguwa da gajera. Sai a murɗe su da filaya su zama zobba, a kwantar a farin bakin hular. Layin ɗinki ɗaya zai taso daga gefen batir mai alamar tarawa ya bi dogayen ƙafafu duka, na biyu ya taso daga ɗaya gefen ya bi gajerun. Sharaɗi guda ne: kada layukan nan biyu su taɓa juna ko da da gashin zare.

To, a nan ake yin ta. Hula ba allo ba ce, ana lanƙwasa ta, ana cusa ta aljihu. Wutsiyar ƙulli ɗaya da aka bari tana reto ta isa ta haɗe layukan, batir ya ɗau ɗumi ya zuƙe, fitilu su mutu. Shi ya sa ake zagaya kowane zobe sau uku a ja tamau, a datse wutsiya, a ɗiga wa ƙullin man farce marar launi don kada ya warware, saboda zaren ƙarfe santsi gare shi.

Wani magidanci kusa da ni, wanda ya ce aikinsa rubuta manhajar kwamfuta, ya zana taswirar wutar cikin ƙiftawar ido, har yana yi wa maƙwabta bayani. Da aka zo allura sai ido ya raina fata. Ɗinkinsa sako-sako, fitilunsa su kawo su ɗauke. Tsohuwar da ke gefensa ba ta san bolt ba, ba ta kuma nemi sani ba, amma ɗinkinta ƙanana ne, a jere, a matse. Jikarta na danna makunni ta daka tsalle: "Kaka, ta kama!" Tsohuwar ta leƙa hular mutumin ta saman tabarau ta ce, "Ɗan nan, ja zarenka." Ya ja. Ta kama. Na tabbata duk wani mai ɗinkin kube a Kano ko Maiduguri da zai riga kowa a ɗakin nan gamawa, in dai an nuna masa wace ƙafa ce doguwa.

Sai dai ilimin magidancin bai zama banza ba. Wata yarinya ta haɗa ja da shuɗi a layi ɗaya, ja ya haska, shuɗi ya yi lis. Magidancin nan ne ya warware mata: ja na kamawa da wajen bolt 2, shuɗi sai ya kusa 3, don haka ja ke shanye wutar. Ya samu ya wanke kansa.

Ba banza ba wannan sana'a ta yi gida a nan. A Jami'ar Kolorado da ke Bolda ne Leah Buechley ta ƙirƙiro LilyPad, 'yan faifan lantarki masu manyan huda da ake ɗinkawa a tufafi, kamfanin SparkFun na yankin ya fara sayar da su a 2007. Bincikenta daga baya ya nuna mata ne suka fi rungumar su, a fagen da maza suka saba mamayewa.

Ta fuskar aljihu kuwa, asara ce. Hula mai wuta ta kanti ta fi araha, kuma akasarin kayan adon Kirsimeti daga Yiwu ta ƙasar Sin suke fitowa, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa sari. Da na faɗa wa matar mai masaukina haka, cewa ta yi ta kanti ba ta koya wa yaro inda wuta ke bi.

Abu guda ne ba a yi wasa da shi ba. Batirin nan idan jariri ya haɗiye ya maƙale, yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin awa biyu, har Amurka ta kafa doka a 2022 kan yadda za a riƙa killace shi. Da aka tashi, mai koyarwar ta ƙirga batura ta ga babu ɗaya. Ta tare ƙofa, manya da yara muka duƙa ƙarƙashin tebura da huluna suna walƙiya a ka, har uwar wani yaro ta lalubo shi a aljihun wandonsa, ta ja yaron waje tana faɗa.