Ezinne Kalu: Daga Filin Makaranta Zuwa Olamfik



A ƙwallon kwando mutum biyar ne kowane ɓangare, kuma a cikinsu akwai wadda ake kira lamba ɗaya. Ita ke ɗauko ƙwallo daga baya, ta duba inda kowa take, ta zaɓi wadda za ta ba. Sau da yawa ita ce mafi gajarta a fili. Ni da nake riƙe da littafin ƙungiya, wannan matsayi ya fi burge ni, domin aikinmu ɗaya ne: in abu ya yi kyau a yabi wanda ya jefa a kwando, in ya lalace a nemo ka.

Wadda ta daɗe tana riƙe wa Najeriya wannan matsayi ita ce Ezinne Kalu. An haife ta a 1992 a birnin Newark na Amurka. Ba ɗaya daga cikin manyan jami'o'in da suka yi suna a wasan ta je ba. Savannah State ta shiga a 2010, makarantar da aka kafa domin baƙar fata a jihar Jojiya. Kafin ta fita ta tara maki sama da 2,000. A 2015 ta ja ragamar 'yan wasan suka ci kofin rukuninsu na MEAC, suka shiga babbar gasar jami'o'i ta NCAA karo na farko a tarihin makarantar. South Carolina ta fitar da su tun wasan farko, amma sun riga sun kafa tarihi.

Abin lura shi ne yadda tsarin yake a can. Jami'a na ɗaukar nauyin karatun yarinya saboda wasanta, amma in makinta na aji ya faɗi, ba za ta taka fili ba. Igiya ɗaya ce ta ɗaure littafi da ƙwallo.

Ƙungiyoyin WNBA ba su zaɓe ta ba da ta gama, sai ta nufi Turai, ta yi wasa a ƙasashe da dama, ciki har da Jamus da Faransa. Tana cikin D'Tigress da suka ci kofin Afirka a Bamako a 2017. A 2019 suka doke Sanagal a gidanta a Dakar, aka zaɓe ta gwarzuwar gasar. A Olamfik ta Paris a 2024 Najeriya ta doke Ostireliya 75 da 62, ta doke Kanada 79 da 70 inda Kalu ta ci maki 21. Ba a taɓa samun ƙasar Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik ba sai su.

Wani zai ce ai wannan 'yar Amurka ce. To, a cikin waɗanda suka je Paris akwai Murjanatu Musa, wadda ta taso a gida ta yi wasa a Air Warriors ta Abuja, nan bakin ƙofarmu.

'Yata ta biyu tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Takan ɗaure bokitin da gindinsa ya fita a jikin bishiyar darbejiya, ta tara ƙannenta tana raba musu ƙwallo, tana faɗa wa kowa inda zai tsaya. Mahaifiyata ta ce, "Wannan tsalle-tsalle ba na 'ya mace ba ne." Na fahimci damuwarta, maganar sutura ce da tarbiyya. Sai dai tun 2017 hukumar FIBA ta duniya ta amince a yi wasa da kai a rufe. Yarinya za ta iya sa hijabi da dogon wando ta yi wasanta, a makarantar 'yan mata, a gaban malama.

Abin da ya rage shi ne wuri. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, wato kusan fuloti ɗaya. Siminti ne da ƙarafa biyu da kwanduna biyu. Daga Kwamba zuwa Madalla, filin ƙwallon ƙafa nawa samari suka share wa kansu? 'Yan mata fa, ina nasu?

Ba na cewa kowace yarinya za ta zama Kalu. Amma wadda ta koyi duba mutum huɗu a lokaci ɗaya, ta yanke shawara cikin daƙiƙa, ta ɗauki laifi ba tare da kuka ba, ta koyi abin da zai amfane ta a aji da gidanta da wurin aiki.

Ina roƙon shugabanni a sa wannan batu cikin ajandar zamanmu na gaba: makarantar 'yan mata ɗaya, fili ɗaya, malama ɗaya mai koyarwa. Iyaye mata, muna son jin ra'ayinku a ƙasa.

Allah ya raya mana zuri'a.

Sakatare